Mai Karanta Shasi

Hantsi bai gama ɗagawa ba aka shigo da ita garejin, wata farar Land Cruiser da aka wanke har tayoyinta suna ƙyalli. Garejin yana gefen babban titin da ya ratsa Tasawa, wanda ya taso daga Maraɗi ya nufi Damagaram. Dillalin da ya kawo ta ya fito yana shafa mata baya da gefen babbar rigarsa, yana nuna wa Alhajin da zai saya harufan azurfa da ke manne a ƙofar baya: V8, VX.R. Ya ce ful opsiyon ce, ƙirar 2016, ba abin da masana'anta ta rage mata.

Maigidan garejin bai dubi harufan ba. Ya gaida Alhaji, ya tambayi iyali da kasuwa, ya ce wa yaronsa ya murɗa sitiyari zuwa hagu har ƙarshe. Sai ya ɗauki tsumma da ɗan gazuwal a murfin galan, ya durƙusa a bayan tayar gaba ta dama, ya zura hannu yana goge ƙarfen shasi. Da laka ta fita, lambobi suka bayyana, ya riƙa karanto su ɗaya bayan ɗaya, yaron yana rubutawa a bayan kwalin fitila.

Sana'ar nan ba ta da allo a bakin hanya. Masu yinta makanikai ne da suka daɗe da hannu cikin baƙin mai, har mutane suka gane suna da ido, suka riƙa kiransu idan za a sayi mota mai tsada. A ƙasar Tasawa da Mayahi masu sayen irin waɗannan motoci ba su da yawa, kuma an san su: manyan ƴan kasuwar wake da aya da riɗi, fataken dabbobi, ƴan kwangila, sai masu sarauta. Mutum zai tara ribar kaka uku ko huɗu ya zuba a mota guda. In aka cuce shi, ba kamfanin da zai kai wa kuka, don motar ta bi hannu biyar ko shida kafin ta iso gare shi.

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Mayahi ranar Litinin ya ga asalin wannan aiki. Mai sayen sa ba ya yarda da ƙiba da sheƙin fata, sai an buɗe bakin dabba an ƙirga haƙora. Malamanmu da ke karantar da babin ciniki a Risala sun daɗe suna bayani a kan akuyar da ake ƙin tatsa kwana biyu don hantsarta ta cika a ido, da haƙƙin mai saye na mayar da haja idan an ɓoye masa aibi. Harufan da ake mannawa a bayan mota su ne cikar hantsar. Ana sayar da su a shagunan kayan ado na mota a Maraɗi da Kano, yaro ma yana iya liƙa su kafin shayi ya huce.

Kafin a fahimci abin da maigidan ke nema a ƙarƙashin taya, sai an san ta inda hajar ke zuwa. Mafi yawan motocin nan sun yi rayuwarsu ta farko a Turai, ko Amurka, ko ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta ɗauki kaso mafi girma. Shekara da shekaru tashar jiragen ruwa ta Kwatano ce ƙofarmu, har sunan garin ya zama sunan hajar, ana cewa ƴar Kwatano, kamar yadda ake cewa ƴar Beljiyam saboda jiragen da ke tasowa daga Antwerp. Daga filayen motoci na wajen Kwatano direba zai kamo hanyar Paraku, ya haye gadar Malanbil zuwa Gaya, ya bi Doso da Birnin Ƙonni da Maraɗi, ya wuce Agye da Gazawa. Kusan kilomita 1,500 ke nan kafin ya ga Tasawa.

Wannan hanya ta toshe bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, ta ɗage shi a Fabrairun 2024, amma gadar ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangaren Nijar. Kaya suka koma sauka a Lome, suna ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja. Kwanaki suka ƙaru, kuɗi suka ƙaru. Dama lissafin ba ƙarami ba ne. Motar da aka saya Yuro 20,000 a Turai ta haura sefa miliyan 13 tun tana can, tunda Yuro guda sefa 655.957 ne. A kan wannan za a ɗora kuɗin jirgi, da na tasha, da na mai fito, da man hanya, da ladan direba, da duwan, da kart giriz, da asirans. Duk hannun da ta bi yana neman ribarsa, kuma hanya mafi sauƙi ta ƙara wa mota daraja ita ce a ƙara mata shekarun da ba nata ba da kayan da ba a haife ta da su ba.

Lambar shasi ita ce takardar haihuwa. Tun 1981 aka tsayar da ita a kan harufa da lambobi 17, kuma ba a sa I, O da Q a cikinta don kada su rikice da 1 da 0. Na ga maigidan ya koya wa yaronsa wannan da hannu: duk takardar da ka ga O a lambar shasinta, wani ne ya rubuta da ka. Ukun farko suna faɗin ƙasa da kamfani, JT na Toyota ce ta Japan, WDB ko WDD na Mercedes. A motocin da aka ƙera don Amurka da ƙasashen Larabawa, na goma yana faɗin shekara: 8 ita ce 2008, A ita ce 2010, G ita ce 2016. Motocin Turai ba duka ke bin wannan ba, shi ya sa ba ya tsayawa a shaida guda.

Ya tashi daga ƙasa, ya gwada abin da ke kwalin da na takardun duwan, da na ƙasan gilashin gaba, da na ɗan farantin da ke jikin ginshiƙin ƙofa. Duka suka zo ɗaya, wato motar ba ta sauya suna ba. Wannan shi ne abu na farko da ke kwantar da hankali, domin motocin sata daga Turai da Kanada suna shigowa Afirka ta Yamma, kuma Interpol tana riƙe da kundin lambobinsu. Shasin da aka goge aka sake bugawa yana da alama: ƙarfen wurin ya fi na kusa da shi santsi, ko harufan ba su zauna a layi ɗaya ba. In ya ga haka ba ya ƙara taɓa motar, wanke hannunsa yake yi.

A kan farantin ne ya daɗe. Toyota tana rubuta ainihin samfurin mota a wurin, kuma wanda ya iya karatun ba ya buƙatar a gaya masa komai. VDJ200 injin gazuwal ne mai silinda takwas, lita 4.5. URJ202 fetur ne mai silinda takwas, lita 4.6. GRJ200 fetur ne mai silinda shida, lita 4.0. Harafin da ke biye, L ko R, yana faɗin gefen da aka sa sitiyari a masana'anta, don haka motar da aka juya mata hannu a hanya ba ta iya ɓuya. Harafin can ƙarshe yana faɗin ƙasar da aka yi wa ita: V ta Larabawa, W ta Turai, A ta Amurka. Farantin motar Alhaji ya ce GRJ200L, ƙarshensa V. Harafi na goma a shasi kuma ya ce A.

Ya buɗe bonet ya ƙirga wayoyin wuta a gaban kowa, uku a kowane gefe. Ya ja bel ɗin kujerar direba har ƙarshe, ya nuna ɗan ƙyallen da ke ɗinke a gindinsa, inda aka buga shekarar ƙira. Ya duba kusurwar kowane gilashi, ya duba tayar ajiya da ba wanda ya tuna da ita, inda lambobi huɗu na ƙarshe ke faɗin mako da shekarar da aka gasa robar. Duka suka tsaya a wuri guda. Samfurin 200 ya fito a 2007, an ci gaba da ƙera shi har 2021, kuma a 2015 kamfanin ya sauya masa fuska. Akwai masu sayar da sabuwar fuskar sukutum, da fitilu da bamba da bonet, a ɗaura wa tsohuwar mota. Aikin yana kyau ƙwarai, wani lokaci sai an matso kusa ake ganin inda ramin kusa bai zo daidai ba.

«Alhaji, ranka ya daɗe, motar nan lafiyarta ƙalau yadda na gani zuwa yanzu,» in ji shi, muryarsa a ƙasa. «Amma ta 2010 ce, kuma silinda shida ce. Rigar ce ta 2016.»

Dillalin ya rantse shi ma haka aka gaya masa a Maraɗi. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Maigidan bai ƙaryata shi ba, ya ce masa: «Ɗan'uwa, ni ƙarfe nake karantawa, ban san zuciyar kowa ba.» Na lura ba ya kunyata mutum a gaban jama'a. Garin ƙarami ne, gobe za a haɗu a masallaci ko wurin suna, kuma dillalin nan shi zai kawo mota ta gaba.

Daga nan aka shiga maganar opsiyon, inda ni a ganina gwanintar ta fi fitowa. Abin da masana'anta ta sa da abin da aka ƙara a hanya ba ɗaya ba ne, ko da ido bai bambance su ba. Fatar kujera ta asali ɗinkinta a miƙe yake, kuma a gefen da jakar iska take akwai zare na musamman da ke tsinkewa idan an yi haɗari. Wanda ya lulluɓe kujerar yadi da fata a kasuwa yakan ɗinke wurin gam, ranar buƙata jakar ba ta fita. Allon talabijin na gaba, in na asali ne, yana magana da kilim da kyamara da maɓallan sitiyari. Na kasuwa kuwa, ka ɗaga shi sai ka tarar da wayoyi an yanka an naɗe da salatif. Rufin gilashi da aka huda daga baya yana yoyo a damina. A Mercedes abin ya fi sauƙi, don kowace mota tana da katin ƙira da ake nema da lambar shasi a wayar hannu, kuma kowane kaya yana da lambarsa: 414 rufin gilashi mai buɗewa, 873 kujera mai ɗumi, 401 kujera mai hura iska, 489 ƙafafun iska da ake kira Airmatic. In mota tana da abin da katin bai faɗa ba, ƙari ne. In katin ya faɗi abin da ba ya jikinta, an cire.

Cirewar ta fi ƙarin haɗari. Akwai tukunyar tace hayaƙi a cikin salansa, wadda makanikan Najeriya ke kira indomi saboda kamannin cikinta. Tana ɗauke da ƙarafa masu tsada, don haka sau da yawa ana sare ta tun kafin mota ta bar bakin teku, a yi walda da bututu fanko. Jakar iska da ta fashe a haɗari ana cusa tsumma a gurbinta a rufe. Gwajin wannan ba ya cin ko dala. A murɗa makulli ba tare da tada inji ba, a zuba wa fitilar jakar iska ido. Ta gaskiya tana kamawa ƴan daƙiƙu, ta mutu da kanta. In ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta. In ta tsaya sai da inji ya tashi suka mutu tare da fitilar mai, an haɗa musu waya ɗaya. Ya sa yaron ya yi gwajin sau biyu, Alhaji yana leƙe ta taga.

Sai kwamfutar duba mota. Ana soka ta a wata kafa mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, wadda doka ta wajabta a motocin Amurka tun 1996, Turai ta biyo baya. Na'urar tana jero duk ƙwaƙwalen da ke cikin motar, kuma a wasu motocin akwatin giya ko birki yana ajiye nasa lissafin tafiya dabam da na agogon gaba. A nan ake kama wanda ya mayar da kilomita baya. Ƙasar Beljiyam ta kafa tsarin Car-Pass tun 2006 don maganin wannan cuta, amma takardar ba kasafai take biyo mota zuwa nan ba. Motar Amurka kuma mil take ƙirgawa, mil 100,000 ya ɗan haura kilomita 160,000, kuma an sha sayar wa mutum wannan a matsayin wancan. Duk da na'urar, maigidan bai bar tsohon ilminsa ba. Yana duba cin robar feda, da santsin sitiyari, da lotsawar kujerar direba. Yana bin jikin mota da maganaɗisu a cikin tsumma, inda ya ƙi kamawa an cike da ƙullun gyaran jiki. Yana ɗaga darduma ya sansana, ya leƙa ƙarafan ƙarƙashin kujera. Bayan ambaliyar guguwar Harvey a Texas a 2017 motoci masu ɗimbin yawa sun bi ta gwanjon kamfanonin inshora, kuma motar da ta sha ruwa wayoyinta a hankali suke ruɓewa, sai bayan wata shida take fara hauka.

Abin da ya fi burge ni shi ne tambayar da yake yi wa kowane mai saye kafin ya ba da shawara: ina za ka da ita? Wanda zirga-zirgarsa Maraɗi da Yamai ce a kan kwalta dabam, wanda zai riƙa shiga Urafan da Kanambakashe da ƙauyukan bakin Gulbin Kaba dabam. A jigawa, kayan da ke da amfani ba su ne masu ƙyalli ba. Yana neman tanki na biyu, wanda ke kai abin da samfurin 200 ke ɗauka zuwa lita 138. Yana neman maɓallin kulle ƙafafu da ƙaramar giya, kuma ba ya yarda da ganin maɓalli, sai ya fita bayan gari ya sa motar cikin yashi ya ji ta kama. Yana neman kilim na baya da ɗan firjin tsakiya, don a watan Afrilu zafi yana wuce digiri 40. Shi ya sa ƙirar Larabawa ta fi masa ta Turai. Kujera mai ɗumi an yi ta ne don ƙanƙara. Ƙafafun iska suna da daɗi a kwalta, amma ranar da balan-balan ɗinsu ta fashe a daji motar durƙushewa take yi, kuma kayan sai an aika Kano ko Yamai, a jira. Sababbin injinan gazuwal na Turai masu matatar toka da ruwan AdBlue ba sa jure man da ba a san asalinsa ba, alhali a ƙauye wani lokaci ruwa-ruwa na kwalba kaɗai ake samu. Yakan kuma sa mutum ya yi lissafin ciyarwa: a farashin da gwamnati ta tsayar a Yulin 2024, fetur sefa 499, gazuwal 618, cika tankunan nan biyu da gazuwal ya haura jaka 85.

Ladan aikin ba shi da tsayayyen farashi. Mai saye ne ke ba da abin da ya sawwaƙa, wani ya ba da na goro, wani ya yi bajinta idan ya ga miliyoyin da aka tsare masa. In tafiya ta kama zuwa Maraɗi ko Yamai, mai saye ne ke ɗaukar mota da abinci da masauki, amma garejin yana nan ba maigida kwana biyu ko uku, aikin da ya zo ya wuce wurin wani. Dillali yana karɓar la'ada daga ɓangare biyu idan ciniki ya faɗa, mai duba kuwa ko ciniki ya faɗa ko ya watse abinsa ɗaya ne, kuma na ƙarami ne a kan na dillali. Ribarsa ta gaskiya tana zuwa daga baya: motar da ya duba wurinsa za a riƙa kawo ta juyen mai da gyara har ta tsufa. A ɓangaren kashewa akwai kwamfutar, wadda mai kyau ba ta da araha kuma kowace shekara tana neman a sabunta ta, da kuɗin intanet, da wutar da ke ɗaukewa a tsakiyar aiki, da abincin yara masu koyo, waɗanda iyayensu suka kawo daga Korgom da Maijirgi suka damƙa amana.

Wahalar da ba a gani ita ce ta hannun da ake miƙo masa ta bayan mota. Ba sau ɗaya ba mai haja ya ja shi gefe ya ce ya kau da kai, ga rabonsa, kuma rabon ya ninka abin da mai saye zai ba shi. Akwai kuma ranar da idonsa zai kuskure, mota ta lalace bayan wata guda, a ce shi ya ce a saya. Ya gaya mini ya taɓa biyan rabin kuɗin gyaran akwatin giya daga aljihunsa saboda haka, ba don an tilasta shi ba. Motocin ma suna ta sauyawa. Shi da ya koyi aiki a kan Peugeot 504 da kunne da sukundireba, yanzu dole ya zauna da yaron da ya yi lakwal ya karanta masa abin da allo ya rubuta da Faransanci ko Turanci. Ba ya jin nauyin wannan. Yaron yana karantawa, shi yana fassara abin da ciwon yake nufi a jikin ƙarfe.

Sai bayan azahar aka dawo daga gwajin yashi. Motar ta kama ƙafa huɗu ba gardama, kilim na baya yana aiki, tanki na biyu yana nan, jakunkunan iska ba a taɓa su ba, tukunyar salansa ce kawai aka sare. Maigidan ya faɗi wannan duka a gaban mutum biyun, ya ƙara da cewa injin silinda shida ba abin raini ba ne, kayansa sun fi samuwa kuma ya fi haƙuri da manmu. Daga nan ya koma gefe, ciniki ba nasa ba ne.

Aka shimfiɗa tabarma a inuwar bedi. Alhaji ya taya kuɗin motar 2010, dillali ya ce albarka, ya tashi ya yi waya da mai motar a Maraɗi, ya dawo, ya sake tashi. Aka kawo shayi na biyu. Can wajen la'asar ya miƙa hannu ya ce ya sallama. Kafin a tafi, Alhaji ya kira yaron garejin ya nuna masa ƙofar baya, yaron ya kawo zare da ruwan zafi, ya ɓamɓare V8 ɗin a hankali don kada fenti ya tashi, ya goge gurbin da tsumma.